Wayar Bakur a Saman Gora

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya yi teku Ya yi tudu, Ya nuna wa kowa inda zai ci. Ni ce Rabi, wadda mutanen unguwar Rusaifa ke kira Ummu Salihu mai kifi. Ban yi makarantar boko ba. Ina faɗa ne, Asma'u matar ɗana tana rubutawa, ita da ta yi karatu a Kano kafin aure ya kawo ta Makka. Abin da ya sa na zaunar da ita kuwa ku ne, 'yan matan unguwar nan da kuka ishe ni da sallama. Wannan ta ce ta fara sayar da sayadiyya, shinkafar nan da kifi, daga gida ta waya, waccan ta ce ita ma za ta fara, kuma duk bakinku ɗaya: Sitti, ba mu lambar Ammu Bakur, wato ƙanena mai kamun kifi. Wai in an samu lambar an samu sana'ar. Wai yanzu komai a waya yake, a danna kifi ya zo. To ku saurara. In kun gama ji, mai sauran ƙarfin hali ta sake tambaya.

Makka ba ta da teku. Duk kifin da ya shigo garin nan baƙo ne, ya sha tafiya, kuma tun da ya bar ruwa ya kama hanyar lalacewa. Mai shinkafa zai shekara da buhunsa ba abin da ya same shi. Mai kifi da rana take tsere, kuma ranar Makka ba ta san wasa ba.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan, wata roba ce cike da sijan, ƙaramin kifin nan mai ƙaya a baya. A unguwar Jarwal ne, a gidan Inna Kande, ƙanwar mahaifina, a lungun da yau otal ya hau kansa. Ta ajiye mini robar da wuƙa, ba ta ce mini komai ba, ta koma bakin murhu. Ƙayar ta soke ni, hannu ya kumbura har wuyan hannu, na kai mata ina nunawa. Ta duba ta ce yanzu na san ta inda ake kama shi. Haka take koyarwa. Na daɗe ba na taɓa komai sai kankare ɓawo da fitar da ciki. Daga nan ta koya mini duban kifi: a ɗaga kunnensa a ga ja ne ko ya dusashe, a danna jikinsa a ga ko zai taso, a duba ido, sannan a sansana. Hanci shi ne alƙali. Sai da ta yarda da hancina ta bar ni na matsa kusa da albasa.

Ku da kuke zuba garin kala a shinkafa kuna ce masa sayadiyya, Allah Ya shirye ku. Launin sayadiyya albasa ce, a soya ta har ta kai bakin ƙonewa ba ta faɗa ba. In an sauke da wuri shinkafa ta fito fari kamar mara lafiya, in an makara ta yi ɗaci, kuma tukunyar biki ba a zubarwa a sake. Inna Kande kan tsaya a bayana da ludayi. Ba ta taɓa duka na da shi ba, amma ina jin sa a bayana har yau.

A zamaninta labarin teku a bakin direba yake. Motar ƙanƙara za ta taso daga Lis, garin masunta da ke kudu da mu a bakin teku, sai ta iso kake sanin abin da ta ɗauko. Shi ya sa in an zo neman Inna aikin biki ba ta cewa to. Cewa take, in teku ta yarda. Ta ce mini kada in taɓa yin alkawari da kifin da ke cikin ruwa, sai wanda ya kwanta a ƙanƙara. Wannan maganar ita ce gādona, ita da babbar tukunya da kaskon suya.

Bakur ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunansa Abubakar. Tun yana saurayi ya ƙi zaman shago, ya tafi Lis ya shiga cikin Yamanawa ya koyi teku. Da ƙugiya yake kamu, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa kifinsa ba ya da rauni a jiki. Jirginsa ƙarami ne, inji ɗaya, rumfa, akwatunan ƙanƙara biyu. Su biyu ne a ciki, shi da Ammu Salim, wani dattijo Bayamane da suka tsufa tare. Ba bakin gaɓa suke tsayawa ba. Can suke shiga inda duwatsun ruwa suke, su yi kwanaki, sai ƙanƙara ta fara gajiya su juyo. Shi ma kamar ni, ya san allo amma bai san rubutun waya ba, Ammu Salim kuma ko sunansa ba ya rubutawa.

Da waya mai maɓalli ta zo mun yi murna, amma ba ta tsinana mana komai ba. Ba ta kamawa sai ya kusa gaɓa, kuma wanda ya kusa gaɓa ai ya iso. Ni abin da nake so in sani tun yana can: akwai ko babu, wane iri, zai ishi mutum nawa. Da wannan nake sayen albasa da mai, da shi nake kiran matan da ke taya ni, da shi nake tura mota. Sai da wayar shafawa ta zo da saƙon murya muka ga hanya. Wannan kam Allah Ya yi shi ne don irinmu, ka danna ka yi magana ka saki. Saura shabaka, wadda mutanen gida ke ce wa sabis. Ita ce babu a can.

Yadda aka gano wurin, Ammu Salim ne ya hau rumfa gyaran fitila, da wayar Bakur a hannunsa yana haskawa da ita. Suna tsaye a gefen wani tsibirin rairayi da ba kowa a kai sai tsuntsaye. Yana sama wayar ta yi ƙara. Ya sauko ta yi shiru. Suka yi ta hawa da sauka kamar masu gyaran ɗaki, har suka gane cewa shabakar tana wucewa ta saman kansu ne, daga wajen duwatsun gabas, ba ta saukowa ƙasa. Dawowar da suka yi Bakur ya sayi gora, doguwa, ya ɗaura mata zobe a kai ya zura igiya.

Sau ɗaya na je na gani da idona, kuma ba zan ƙara ba. Ya ce in zo in ga wahalar da yake sha, don na cika faɗa in saƙo ya makara. Na shiga jirgin nan da asuba, kafin hantsi na amayar da abin da na ci da wanda ban ci ba. Da muka isa tsibirin ya jefa ƙarfe ya tsayar da jirgi, ya ce in duba. Ya yi maganarsa a wayar tun yana ƙasa, ya tura, sai wata 'yar alamar agogo ta fito a gefen saƙon, ma'ana bai tafi ba. Ya sa wayar a robar zaitun mai murfi, ya naɗe robar da farin ƙyalle jiƙaƙƙe, don in rana ta dafa wayar kashe kanta take yi. Ya ɗaura a igiya ya ja har kan gora. Sai jira. Jirgi na rawa, gora na rawa, shabaka ta taɓa wayar ta saki, ta taɓa ta saki. Ba mai iya yin kira, don ba mai iya hawa gora ya kara kunne. Can ya sauke ya buɗe, agogo na nan. Ya juya jirgin, ya sake jiƙa ƙyallen, ya sake ja. Wani tsuntsu ya zo ya zauna a kan robar, Ammu Salim na jifansa da kan kifi yana zaginsa da Larabcin Yaman. Da aka sauke karo na gaba agogon ya tafi, 'yar ƙugiya ta fito a wurinsa. Saƙo ya wuce. Wayata da ke cikin jakata a cikin jirgin kuwa ba ta san an yi ba, sai da muka dawo gaɓa na ji muryarsa yana ce mini ga shi na gani.

Ran da iska ta tashi ba a samu. Ran da teku ta kwanta, iska ta yi nauyi da laima, ana samu da sauƙi. Kuma ba kullum suke kusa da tsibirin ba, sai sun bar wurin kamu sun ƙona mai sun je, yawanci bayan la'asar. Ƙofar da ke buɗewa a can kamar kafar allura take. Zare ke wucewa, ba igiya ba.

Saboda haka muka yi wa wayar nan doka. Ba hoto, ba bidiyo. Ba wanda ke da lambar sai ni. Duk saƙo zai fara da ranar da ake ciki da sallar da aka idar, don wani saƙon sai ya kwana a hanya, kada in ɗauki labarin jiya in yi cefanen yau. Abu mafi wuya shi ne gaisuwa. Bakur ɗan gidanmu ne, ba ya iya buɗe baki ga yayarsa bai tambayi gida ba. Saƙonninsa na farko sai ya gaishe ni, ya gaida Salihu, ya gaida yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙafata, kafin ya zo kan kifi saƙon ya yi nauyin da ba zai tashi ba. Na ce masa ya yi sallama ya faɗi kifi, sauran ya riƙe sai ya sauka. Ya yi fushi, ya ce tsufa ya sa na zama Baturiya. Amma ya bi.

Masu saye su ne ba sa bi. Wata ta taɓa ba ni aikin suna, ta ce sai ta ga hoton kifin yana motsi kafin ta yarda. Na ce mata in tana son kifi mai motsi ta je Lis da kanta. Wasu kuma ba su san komai ba sai najil, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigo, don shi ne mai suna. In ka ba su sha'ur da aka kama jiya su ɓata rai, in wani ya ba su najil da ya yi sati a firiza su yi ta sa albarka. Amma akwai gidajen da suka san abu. Babbansu gidan Hajiya Bilkisu a Aziziyya. Inna Kande ce ta dafa kifin bikinta, ni na dafa na 'ya'yanta duka. In gidan ya kira ka, rabin Hausawan Makka sun ci abincinka a rana ɗaya.

Sai shekarar cutar nan ta zo, wadda aka rufe Harami aka hana taro. Ba alhazai, ba biki, ba suna, ko zaman makoki babu. Aka tsare hanya tsakanin gari da gari, Bakur na can ni ina nan. Na kife tukwane a saman bene. Babbar tukunyar Inna Kande da na bari a karkace, kyanwa ta shiga ta haihu a ciki, ban kore ta ba, na ce ko ita ta mori abin. Da aka buɗe gari sai na tarar mutane sun koyi wani hali. Sun saba danna waya gidan abinci ya aiko. Gidajen da nake dafa wa suka zame ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba komai, kawai ba a kira. Matan da ke taya ni suka fara neman aikin shara a otal.

Ana haka Hajiya Bilkisu ta aiko. Za a aurar da jikarta, walimar rana ce ranar Asabar, kuma sayadiyya take so. Ɗanta Abdul'aziz, uban amarya, shi rago ya so daga gidan abinci, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Ya ce rago ba ruwansa da iska. Uwarsa ta ce tana da rai ba za a aurar da jikarta da abincin kwali ba. Na ce mata in teku ta yarda, kuma zan tabbatar mata ranar Laraba, kamar kullum. Ita ta tsaya mini a gaban ɗanta. In na kunyata ta, gidan ya tafi, kuma shi ne babban gida na ƙarshe da ya rage mini. Daga shi sai in mayar wa kyanwa tukunyarta.

Bakur ya fita ranar Litinin. Laraba bayan la'asar na zauna da waya a cinya. Shiru. Na ce iska ce. Alhamis shiru. Na aika aka tambayi masu jirgin da suka dawo Lis, suka ce sun hango su lafiya, gora a tsaye, to hankalina ya kwanta ta wannan gefen. Amma me ke cikin akwatunan? In na tafi kasuwar Jidda na tattaro na mutane, ban san kwanansa a ƙanƙara ba, kuma ba zan samu iri ɗaya da zai ishi taron ba. In kuma na saya Bakur ya iso da nasa, ɗaya zai ruɓe. In na zauna ban saya ba ya iso hannu wofi, na kashe Hajiya da kunya.

Ranar Juma'a da safe ina tsince shinkafa, Asma'u ta zo ta zauna kusa da ni da wayarta. Rubuta, Asma'u, kada ki tsallake nan. Tana so ta faranta mini ne. Ta nuna mini gurub ɗin biki, zauren nan na waya da ake tara dangi kowa ya zuba abin da ya ga dama. Ga hoton lalle, ga bidiyon kayan ɗaki, ga bidiyon 'yan Kano suna sauka daga jirgi, ga furanni masu walƙiya da addu'ar safiya, ga wa'azi. Tana ja da yatsa abin ba ya ƙarewa. Sai ta ce ai har Kawu Bakur ta sa a ciki tun ranar Lahadi, ta ɗauki lambar a wayata, don in ya kama kifi ya turo Hajiya ta gani da idonta, mutane su san darajar aikina.

Na ajiye tiren shinkafar. Na ga wayar nan a saman gora, a cikin robar zaitun, ƙofa ta buɗe kamar kafar allura, ga matan Makka da na Kano da na Madina sun yi cincirindo a bakinta kowa da furenta. Saƙon Bakur na ciki yana son fita, ba hanya.

Na ce ta fitar da shi yanzu. Ta ce ba za ta iya ba, kowa zai ga an rubuta cewa ita ta fitar da Kawu, kamar ta kori babba daga ɗaki. Na ce mutumin da ke tsakiyar teku ba a ɗaki yake ba. Ta fitar da shi. Sannan ta ce akwai sauran matsala: abin da aka riga aka tura yana nan a hanya yana jiran wayarsa, sai dai masu shi su goge, kuma na jiya da na yau kawai ke goguwa. Ga shi Juma'a ce, ranar da ko wadda ba ta gaishe ka duk sati sai ta turo maka hoton masallaci.

Na yafa abaya, muka hau tasi sai Aziziyya. Gidan cike da mata, ana ta guɗa ana turare. Na ja Hajiya Bilkisu gefe na faɗa mata gaskiya, ban san ko akwai kifi ko babu ba, ga kuma dalili. Ta aika aka kira Abdul'aziz, ya tsaya a bayan labule ya ji. Ya ce gidan abincin sun ce in har za su yanka raguna sai sun ji daga gare shi kafin magariba. Ya ce zai jira zuwa kiran salla, daga nan in yi masa afuwa. Na ce ya yi adalci.

Hajiya ta fito tsakar falo ta tafa hannu. Ta ce duk wadda ta tura wani abu a gurub jiya da yau ta goge. Ku zo ku ga kallo. Wannan ta ce ba ta san yadda ake yi ba, waccan ta ce bidiyonta ya fi na kowa kyau. Asma'u na bi ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu, tana ba da haƙuri kamar mai karɓar bashi. Aka yi ta gogewa har aka zo kan Hajiya Ladi, ƙanwar Hajiya Bilkisu, wadda ta zo daga Kano don bikin. Ita kaɗai ta tura abin da ya fi na mutum goma. Ta rungume wayarta a ƙirji.

"Yaya, salati ne fa da addu'ar Juma'a. Ni in sa hannuna in goge salati, a Makka, ranar Juma'a? Me zan ce gobe kiyama?"

Wasu matan ma abin ya taɓa su. Hajiya Bilkisu ta dube ta ta saman tabarau.

"Ladi, addu'arki ba ta wayar Bakur take hawa sama ba. Wanda kika roƙa Ya ji tun da asuba. Goge."

Ta goge tana istigfari a kan kowane ɗaya.

Aka yi Juma'a, aka ci abinci, ni ban ci ba. Aka yi la'asar. Na samu kujera a bakin kicin na zauna da waya a cinya. Ina zaune na ji murya a bayan ƙofa, a hankali: salamu alaikum Malam Abubakar, ina wuni, ina gajiya, ya ruwa, ya iska, sunana Ladi, ba ka san ni ba. Ashe ta ciri lambar daga gurub, wai za ta ba shi haƙuri a kan damun da aka yi masa, kuma ta fara daga asalin zumuncin kakanninmu. Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na riƙe mata hannu kafin ta saki, Hajiya Bilkisu ta zo ta karɓe wayar, ta sa a ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai.

Rana ta yi ƙasa. Abdul'aziz ya dawo bayan labule, ina jin yana jujjuya makullin mota. Masu aiki sun fara shimfiɗa dardumar magariba. Sai wayar ta yi ƙara a cinyata, ta sake, ta sake. Na danna na farko. Muryar Bakur ta ce yau Laraba bayan la'asar, iska ta hana su sakat, abin da ke akwati ba zai ishi gida ɗaya ba. Wata ta ce innalillahi. Abdul'aziz ne da kansa ya ce daga bayan labule, Ummu Salihu, wannan na shekaranjiya ne, sa na gaba. Na Alhamis ya ce iska ta faɗi, an fara samu. Na danna na ƙarshe.

"Salamu alaikum. Yau Juma'a bayan la'asar. Yaya, akwati biyu sun cika, sha'ur ne da harid, najil kaɗan ne. Turo mota Lis da asuba. Sannan don Allah su wane ne waɗannan matan? Kwana uku ina ɗaga waya ina saukewa, ba abin da ke shigowa sai fure. Wata ta tambaye ni ya na kwana har sau bakwai. Ki ce mata ban kwana ba."

Falon ya fashe da dariya, har da Ladi. Ni ban yi ba, don akwai sauran magana. Na ce wa Hajiya ta ji da kunnenta, najil ba zai zagaya ba. Ta ce a sa wa dangin ango najil ɗin a gaba su ga ja, mu nan mun san daɗin sha'ur. Abdul'aziz ya mayar da makulli aljihu ya tafi masallaci.

Kifin ya iso da hantsi, kunnuwa ja kamar yanzu aka cire shi. Na kira matana duka, har waɗanda suka tafi otal suka nemi izini suka zo. Muka wanke tukunyar Inna Kande da toka da lemun tsami. Na tsaya a kan albasa da kaina, ban ba kowa ludayi ba. Aka soya, aka dama tsamiya, aka ɗauki tire-tire zuwa wurin walima kafin azahar ta wuce. Da aka dawo da tirukan ba abin da ke kai sai ƙaya. Uwar ango ta aiko a tambayi wadda ta dafa, tana da ɗiyar da za ta aurar nan gaba. Gidan Hajiya Bilkisu bai tafi ba, har yau ni ke musu.

Amma Ladi ta koma Kano da lambar. Mace ce mai zumunci, ba za ta ci kifin mutum ta yi shiru ba. Kullum da safe fure, ranar Juma'a masallaci da wa'azi, ga maƙwabtanta da ta ba wa lambar don su ma su gaida bawan Allah mai kamun kifi a ƙasa mai tsarki. Fita biyu Bakur ya yi ban ji ɗuriyarsa ba. Dole ya jefar da layin ya sayi sabo. Sabon ko Asma'u ba ta san shi ba, ko Salihu da na haifa.

To kun ji. Wadda ke son sana'ar ta zo ranar da mota ta iso, akwai roba da wuƙa, akwai sijan. Lambar kuwa ba ta fita. In kuna da saƙo gare shi ku ba ni, kamar yadda Ladi ke yi yanzu. Duk Juma'a sai ta turo mini furenta ta ce in miƙa wa Malam Abubakar. Ina tara masa. In ya sauka, an sauke kifi, an wanke akwati, ya zauna ya karɓi shayi, sai in ce masa Ladi na gaishe ka. Ya ce yana amsawa. Daga nan ya gyara zama ya fara tasa: ya gida, ya Salihu, ya yara, ya ƙafa, ɗaya bayan ɗaya har ya ƙoshi, ba na katse shi. Gaisuwa in ta kwana ba ta ruɓewa. Kifi ne ba ya jira.